Asalin Keken Ɗinki

A zamanin dā da allura da zare ake ɗinka kowace tufa, riga guda takan ci kwanaki. A shekarar 1830 wani maɗinki Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya ƙera keken ɗinki na katako, ya shiga ɗinka kayan soja. Maɗinkan birnin Paris suka tsorata kada abincinsu ya yanke, sai suka taru suka farfasa kekunansa. Ya rasu cikin talauci a 1857.

Amma hakan bai hana keke yaɗuwa ba. A Amurka Isaac Singer ya kyautata shi a 1851, kamfaninsa kuma ya soma sayarwa ana biya kaɗan-kaɗan, har talaka ya iya mallaka. Yau ga shi a kowace kasuwa. Maɗinka kuwa ba su ƙare ba, da shi ma suke ciyar da iyalinsu.