MALAM AHMADU BABA NA TAMBUTU DA LITTATTAFANSA

Jama'a, in aka tambayi mutum iyakar dukiyarsa, wani shanu zai lissafa, wani gonaki, wani kuwa sai ya kai ka bayan gida ya nuna maka rumbuna. To, a zamanin da an yi wani malami a birnin Tambutu wanda da aka washe gidansa, aka sa masa sarƙa, aka raba shi da garinsu, abin da ya fi ƙona masa rai cikin dukan hasarar nan shi ne littattafansa. Sunansa Ahmadu Baba. Labarinsa muke so mu ɗan tsakuro yau, domin a ga irin abin da karatu ke mai da mutum.

An haifi Ahmadu Baba cikin shekarar 1556, a zamanin da Tambutu ke ƙarƙashin sarakunan Songai, waɗanda ake kira Askiya. Gidansu, watau gidan Akit, gidan malamai ne da alƙalai tun kaka da kakanni, asalinsu kuwa daga kabilar Sanhaja ta Sahara. Kakansa, Alhaji Ahmadu ɗan Umaru, ya yi aikin haji cikin 1485, da ya komo kuma ya biyo ta Kano ya karantar da mutane a can. Mutum ne mai yawan kwafar littattafai da hannunsa, har ya rasu ya bar wajen 700. Kun ga ashe barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kada mai karatu ya zaci littafi abu ne mai araha a wancan zamani. Babu injin ɗab'i a ƙasar, takarda kuwa sai an ratso Sahara da ita bisa raƙuma. Kowane littafi da hannu ake rubuta shi, harafi bayan harafi, sa'an nan a kai wa wani masani ya gwada shi da na asali ya gyara kurakurai. Babban littafi yakan ci watanni kafin ya ƙare. Duk da haka mutanen Tambutu ba su jin ƙyashin kuɗinsu a kansa. Wani matafiyi mutumin Fas, Alhasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya zo garin a farkon ƙarni na 16, ya ba da labari cewa ribar da fatake ke samu wajen sayar da littattafai ta fi ta sauran haja.

Ahmadu ya fara karatu wajen mahaifinsa da 'yan'uwan mahaifinsa, amma malamin da ya fi barin alama a zuciyarsa shi ne Muhammadu Bagayogo, Bawangare, dangin Wangarawan nan da tarihin Kano ya san da su. Ya lizimce shi fiye da shekara 10. A gabansa ya sauke Muhtasar na Halil wajen sau 8, ya karanta Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ya kuma yi shekara 3 a kan Tashil na Ibn Malik, littafin nahawu mai wuyar gaske. Ku lura da wannan, ya ku 'yan makaranta. Littafi guda sau 8! Mu yanzu in mun bi littafi sau ɗaya a guje sai mu ce mun san shi, alhali ko ƙurar bangonsa ba mu gama kaɗewa ba.

Akwai wata ɗabi'a ta Malam Bagayogo wadda almajirin nasa ya rubuta don kada a manta. Ya ce malamin yakan ba da aron littattafansa mafiya tsada da wuyar samu, ba ya kuwa bin sawunsu. Almajiri yakan tsaya a ƙofar gidansa ya aika a gaya masa sunan littafin da yake bukata, sai malamin ya ɗauko ya miƙa, ko da bai san ko wane ne ba. Ta haka ya yi hasarar littattafai da yawa, amma bai daina ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ga shi yau fiye da shekara 400 muna ambatonsa saboda kyautar nan, masu rowar da suka kulle nasu cikin akwati kuwa ko sunansu ba a sani ba.

Kafin Ahmadu Baba ya cika shekara 40 ya tara littattafai 1,600, shi da bakinsa kuma ya ce a cikin danginsa shi ne mafi ƙarancin littattafai. Ba tarawa kaɗai ya yi ba, abin da ya karanta ya shiga jikinsa. Wajen 1588 ya wallafa wani ɗan littafi yana gargaɗin malamai su nisanci ƙofar azzaluman masu mulki, kada kwaɗayi ya ɗaure musu harshe. Bai sani ba ashe kwanan gwada maganar tasa ya kusa.

Sarkin Maroko na lokacin, Ahmadu Almansur, ya daɗe yana kwaɗayin gishirin Tagaza da zinariyar ƙasar Sudan. Sai ya shirya runduna ta mutum wajen 4,000, da yawansu masu bindigogi, ya ɗora Basha Judar a kansu, suka ƙetare Sahara. Cikin watan Maris 1591 suka gamu da Askiya Isiyaku na biyu a Tondibi, kusa da Gawo. Mutanen Songai sun fi su yawa nesa ba kusa ba, amma da masu da baka suka fito. An ce sun koro garken shanu don su tattake abokan gaba, da shanun suka ji ƙarar bindiga sai suka juyo kan masu su. Ranar nan daular Songai ta karye, ba ta sake tashi kamar da ba.

Malaman Tambutu ba su yi na'am da baƙin mulkin ba, baƙin kuwa suka gane haka. Cikin watan Oktoba 1593 Basha Mahmudu ya tara su a masallacin Sankore da sunan mubaya'a, sai ya sa aka rufe ƙofofi aka kama su. Aka kashe waɗansu, aka washe gidajensu, aka kwashe dukiya da littattafai. Bayan wata biyar a tsare, cikin Maris 1594, aka tasa su gaba cikin sarƙa, maza da mata da yara, aka nufi Marakish da su. A hanya Ahmadu Baba ya faɗo daga kan raƙumi ya karye a ƙafa. Haka ya isa birnin, ga karaya, ga ɗauri, ga kewar gida. Alƙalin Tambutu, Umaru ɗan Mahmudu, wanda ke babban gidansu, a can ya rasu. Cikin shekarar nan kuma Malam Bagayogo ya cika a Tambutu.

To, a nan ne amfanin karatu ya bayyana. Sojan Judar da na Mahmudu sun iya ɗaukar abin da ke cikin akwati, abin da ke cikin ƙirji kuwa babu raƙumin da zai ɗauke shi. Marubucin tarihin Maroko, Al'ifrani, ya kawo labarin ranar da aka shigar da shi gaban Almansur. Ya tarar Sarki yana magana da mutane ta bayan labule. Sai ya ce masa Allah ne kaɗai ke magana da bayinsa ta bayan shamaki, in yana da magana da shi ya fito fili. Sarki ya sa aka yaye labule. Sa'an nan malamin ya tambaye shi dalilin da ya sa aka washe kayansa, aka tozarta littattafansa, aka ɗauro shi tun daga Tambutu. Kun ji mutumin da aka kawo cikin sarƙa yana tuhumar Sarki a fadarsa. Wanda bai san hujjarsa ba ba ya iya wannan tsayuwa.

Cikin 1596 aka sake shi, bisa sharaɗin kada ya bar Marakish. Malaman birnin da suka ɗanɗana iliminsa suka matsa masa ya zauna ya karantar, ya zauna a masallacin Shurafa. Ya karantar da Muhtasar, da Buhari, da Muslim, da Ashafa ta Alƙali Iyal, alƙalai da muftai suna durƙushe gabansa da littattafansu. Cikin waɗanda suka karɓi ijaza daga gare shi har da Almakkari, wanda daga baya ya yi suna da babban littafinsa na tarihin Andalus. Cikin shekarar nan ta 1596 kuma ya kammala Nailul Ibtihaj, littafin da ya tara tarihin malaman mazhabar Malikiyya wajen 800, ya cike abin da Ibn Farhun ya bari a nasa littafin. Cikin 1603 ya taƙaita shi ya sa masa suna Kifayatul Muhtaj. Ba don aikin nan ba, da yawancin abin da muka sani game da malaman Tambutu, har da Bagayogo kansa, ya bi iska.

Almansur ya mutu da annoba cikin 1603. Ɗansa Zaidan ya yi wa malamin izinin komawa, ya iso Tambutu cikin 1608, bayan shekara 14 a baƙunci. Ya tarar da gari ya lalace, yawancin abokan karatunsa sun riga mu gidan gaskiya, amma ya koma kan buzunsa ya ci gaba da karantarwa da fatawa.

Akwai fatawarsa guda da ta shafe mu ƙwarai. Cikin 1615 mutanen Tuwat suka aiko masa da tambaya game da bayin da ake kawowa daga ƙasar baƙar fata. Ya amsa musu da littafin Mi'irajus Su'ud. Bai hana bauta ɗungum ba, gama shi mutumin zamaninsa ne, ya bi hukuncin da ya tarar a littattafan fiƙihu. Amma ya tsaya a kan cewa launin fata ba ya halatta bautar da kowa, ya kuma rushe tatsuniyar nan da ke cewa baƙar fata la'ana ce da ta bi zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu, ya kafa hujja da Ibn Haldun. Ya lissafa Barno da Kano da Katsina da Gobir da Songai cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a mallaki mutanensu ba. Bayan kusan shekara 200 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa hujja da wannan littafi cikin nasa rubutun. Sunansa ya yi girma a ƙasar nan har lokacin da Bature Barth ya ga littafin Tarihin Sudan a Gwandu cikin 1853, ya ɗauka Ahmadu Baba ne ya wallafa shi, alhali na Abdurrahman Assa'adi ne.

Ya rasu cikin watan Afrilu 1627, ya bar littattafai fiye da 40 na wallafarsa. Cikin 1973 aka buɗe wata ma'ajiyar tsofaffin rubuce-rubuce a Tambutu da sunansa. Cikin Janairu 2013 'yan tawayen da suka riƙe garin suka ƙone ko suka kwashe wajen 4,000 daga cikinsu, amma mafi yawa sun tsira, domin mutanen gari sun riga sun ɓoye su cikin akwatuna sun sulale da su zuwa Bamako, ta mota da ta jirgin ruwa.

To, jama'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Ahmadu Baba bai koyi amsa wa Sarki a fadar Marakish ba, ya koye ta ne tun yana saurayi a zauren Bagayogo, yana maimaita littafi guda har sau 8. Wanda Allah ya hore wa littafi ya karanta shi, ya sake karantawa, in ɗan maƙwabci ya zo aro kuma ya ba shi. Wanda ya karɓi aro shi ma ya ji tsoron Allah ya mayar, don na bayansa ya samu. Iyaye kuma da suka gāji tsofaffin takardu a gafaka, su duba su kafin gara ta riga su. Allah ya jiƙan Malam Ahmadu Baba da malaminsa, ya sa mu amfana da abin da muke karantawa, amin.