Daga Alƙalamin Birmingham zuwa Maɓallan Manchester: Tarihin Wahalar Shigar da Harafi

Wahalar da ake sha a yau wajen shigar da kalmar sirri ko neman rubutu a wayar salula da akwatin talabijin tana da dogon tarihi, kuma birane biyu na Ingila suna da kaso a cikinsa.

Tun daga shekarun 1820, masana'antun Birmingham, irin na John Mitchell da Joseph Gillott da Josiah Mason, suka duƙufa wajen ƙera bakin alƙalami na ƙarfe mai araha, har birnin ya zama cibiyar wannan sana'a a duniya. Alƙalami kuwa ba ya ƙin harafi. Da boko da ajami duk ɗaya ne a wurinsa, domin hannu ne ke zayyana siffar.

Al'amarin ya sauya da zuwan na'ura. A ranar 21 ga Yuni, 1948, kwamfutar nan da ake kira Baby, wadda Freddie Williams da Tom Kilburn suka ƙera a Jami'ar Manchester, ta gudanar da aikinta na farko. Da maɓallai ake shigar mata da umarni, ɗaya bayan ɗaya. Da magajiyarta Ferranti Mark 1 ta iso a 1951, tsarin da Alan Turing ya shimfiɗa ya wajabta wa masu aiki da ita su haddace alamomi 32 na na'urar tangaraho. Daga nan mutum ya koma bin iyakar da na'ura ta gindaya masa.

Hausa ta ɗanɗana kuɗar wannan iyaka. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun kafu a rubutun boko a shekarun 1930, zamanin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939. Amma tsarin ASCII na Amurka, wanda ya fito a 1963 da gurabe 128, bai tanadar musu wuri ba. Sai a farkon shekarun 1990 tsarin Unicode ya shigar da su. Duk da haka, a wayoyi masu maɓallai 12, inda harafin s ke bukatar dannawa huɗu, marubuta suka saba da yar da lanƙwasar.

Sakamakon haka taskar rubutun Hausa a intanet ta rabu biyu. Manazarcin da ya nemi “ƙasa” yana iya rasa dukan rubutun da aka sa “kasa”, alhali ƙafa da kafa, ko ɓata da bata, kalmomi ne mabambanta. Haka nan, wanda ya sa ƙ a kalmar sirrinsa yana iya samun ƙofa a rufe a gaban talabijin da babu harafin a allonta.

Ya kamata ma'ajiyar rubuce-rubucen Hausa su adana lanƙwasa daidai, amma su karɓi k a madadin ƙ yayin bincike. Ta haka nauyin zai tashi daga wuyan mai karatu ya koma kan maƙerin na'urar.