ABIN DA KE CIKIN GORAR ZOƁO

Tunda bazara ta kankama hirar kowa ɗaya ce: babu wuta, ƙanƙara ta yi tsada, mai zoɓo ta ƙara kuɗi. Yau ina so mu ɗan ajiye siyasa, mu buɗe gorar zoɓon nan mu duba abin da ke ciki, don duk abin da aka zuba mata da nasa tarihin.

Mu fara da zoɓon kansa. Ɗan yakuwa ne, kuma mafi yawan masana tsirrai suna ganin asalinsa Afirka ne, a yankin nan da ya miƙe daga Sudan zuwa yamma. Kakanninmu ba sa zubar da komai nasa. Ganyen a yi miya ko fate, 'ya'yan da ake kira gurguzu a yi daddawar batso, jan kwanson kuma a shanya a jiƙa a sha. A Sudan da Masar sunansa karkade, a Senegal bisaf, a Ghana sobolo. Da aka riƙa kwasar mutanenmu ana haye teku da su zamanin cinikin bayi, irinsa ya bi su. A farkon ƙarni na 18 an riga an rubuta labarinsa a tsibirin Jamaika, inda har gobe suke dafa shi da citta da kanumfari lokacin Kirsimeti. Mutanen Meziko kuwa "ruwan Jamaika" suke ce masa, yawancinsu ba su ma san daga inda ya taso ba.

Sai kayan ƙamshi. Citta iri biyu Bahaushe ya sani: mai 'ya'ya, wadda ta dazukan Afirka ta Yamma ce, da mai yatsu, wadda asalinta Asiya ne amma ta samu gida a Kudancin Kaduna, su Kachia da Jaba da Kagarko. Idan kun tuna yadda kuɗin citta ya yi tashin gwauron zabi, dalilin shi ne cutar da ta faɗa wa gonakin yankin a daminar 2023. Kanumfari ya fi ta nisan tafiya. Daga tsibiran Maluku na Indonesiya ya fito, aka cika Zanzibar da Pemba da shi a ƙarni na 19 zamanin Sarki Sayyid Sa'id, sunansa ma daga ƙaranful na Larabci muka aro.

Zaƙi fa? Da zuma da mazarƙwaila aka saba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya lissafa sukari cikin hajar da raƙuma ke ketowa da ita Sahara daga Turai. Abin da raƙumi ya yi watanni yana ɗauke da shi ai ba na jiƙon talaka ba ne. Sai a shekarun 1960 aka fara yin sukari a masana'antar Bacita, daga baya ta Numan ta biyo.

To, saura sanyi, kuma nan ne maganata take. Duk cikin kayan gorar nan shi ne auta, shi ne kuma mai raki. Sanyin da iyayenmu suka sani na randa ne da tulu. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. Wannan hikimar ce marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya sabunta da tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ƙanƙara kuwa sai da lantarki ya zo. An fara ɗura Coca-Cola a kwalba a Nijeriya a 1953, an gama madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972. Da firji ya shiga gidajen ma'aikata, mata suka ga hanya. Zoɓo da kunun aya da lamurje suka fito daga ƙwarya suka shiga leda da gora, wasu a daskarar da su a kai ƙofar makaranta. Allah kaɗai Ya san yawan marayun da aka ciyar da kuɗin makarantar da aka biya da wannan sana'a daga cikin ɗaki.

Kun ga ke nan jarin matar nan ba zoɓo ba ne kawai, wuta ce. Ranar da aka kwana babu ita, kunun aya ya yi tsami, uwar kuɗi ta tafi. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kan kowane ma'auni. A wannan watan ne zafi ya haura digiri 48 a Kayes ta ƙasar Mali, har ƙanƙara ta fi burodi tsada a Bamako. Duk Sahel ciwon ɗaya ne.

Wani abin takaicin kuma, Jigawa ce kan gaba wajen noman zoɓo a Nijeriya, ana tara shi a kasuwanni irin su Maigatari, a loda a kwantena zuwa Legas, daga can sai Meziko da Jamus. Shekarun baya da Meziko ta dakatar da saye saboda ƙwaron da aka gani a cikin kaya, manoma da dillalai sun ji a jikinsu, don kusan ƙofa ɗaya muka dogara da ita. Mu sayar a buhu, su niƙa su ƙulla a 'yan jakunkunan shayi, mu saya a kantin zamani da tsada muna murna.

Ni a ganina, duk gwamna ko ɗan majalisar da ke neman abin yi wa mata, ga shi a fili: ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana a unguwa, ruwa mai tsabta, da sababbin gorori maimakon waɗanda ake tsintowa a wanke. Ga masu kuɗinmu kuma, ga masana'anta nan tana jira a bakin gona.

Nawa ake sayar da ƙullin ƙanƙara a garinku yanzu? Ku faɗa mana mu ji. Allah Ya kawo mana damina mai albarka, Ya sa wa masu neman halal albarka a sana'arsu.