Daga Wuri zuwa Kashi Cikin Ɗari: Tsohon Lissafin Ƙasar Gazawa

A watan Janairu na 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi wa kansa laƙabi da Abdulkarimu, ya bi ta Tasawa da Gazawa zai tafi Katsina. A Tasawa ya ga yadda ake ƙirgar wuri: a ja ƙwaya biyar-biyar da yatsu, ashirin su zama hauya, hauya goma su tashi tsibin metan, har a cika jakar kaba mai cin wuri dubu 20. Da ya isa Kano ya tarar dala ɗaya ta azurfa tana canza wuri 2500. Farken da zai biya rubu'in dala a wannan kasuwa sai ya san 625 ne, kuma da ka zai fitar.

Amma lissafin rabo mai zurfi a zauren malamai yake. Ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani a Tsibirin Gobir ko Agye, ya shiga littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, zai tarar da rabon gado a kan kaso shida: rabi, rubu'i, sumuni, sulusani, sulusi da sudusi. Haddace su ba wuya. Aikin yana wajen haɗa su a gida ɗaya. A ce mutum ya rasu ya bar mata, da ɗiya biyu mata, da uwa da uba. Matar na da sumuni, ɗiyan sulusani, iyayen sudusi-sudusi. Malam zai nemo adadin da duk kason za su fita cikinsa ba ɓari, wato 24: uku na matar, 16 na ɗiyan, huɗu-huɗu na iyayen. In aka tara sai a sami 27, ya zarce dukiyar. Maganin malamai shi ne auli, a raba gadon gida 27, kowa ya ɗan rage daidai da kasonsa, sumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. Wannan daidaita ƙasan kaso, da ke sa ɗan kwaleji gumi a yau, shi ake yi a tsakar gida, ga gona, ga awaki, ga magada sun zuba ido.

Zakka ta fi sauƙi, shi ya sa kowa ya iya ta. Gero na damina ushuri ne, manomi ya ware dami ɗaya cikin goma. Abin da aka yi wa ban ruwa da wahala rabin ushuri, kuɗi kuwa rubu'in ushuri, ɗaya cikin 40. Ba wanda ya ce musu 10, 5 da 2,5 cikin ɗari, amma su ɗin ne.

Faransawa sun zo da wani tsari da komai nasa ke hawa goma-goma. Suka nemi haraji da tamma, wuri ya mutu. Cinikin gyaɗa, wanda ya raya Maraɗi da ƙauyukanta, ya kawo sikeli da kilo. Lakwal kuma ta kawo waƙafi a tsakiyar lamba, inda maƙwabta na Katsina, da suka gaji Ingila, ke sa ɗigo. Sai dai kasuwa ba ta miƙa wuya ba. Har gobe a Cadawa da Gidan Rumji da tiya ake awon hatsi, kusan kilo biyu da rabi, buhun kilo 100 ya ci tiya wajen 40. Kuɗi ma da dala ake kira, kowace dala tamma biyar: takarda ta ce 500, baki ya ce dala ɗari, jika kuma dala metan. Yarinya mai tallan ƙosai tana ninkawa da rabawa da biyar tun safe har la'asar, sannan a aji a ce ba ta da kan lissafi. Sau da yawa Faransancin da ake koyar da darasin da shi ne ya kayar da ita.

Kashi cikin ɗari ya shiga kowane gida a Janairun 1994, da aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da ake samu a sefa 50 ya koma 100. Rediyo ya ce an rage daraja da kashi 50 cikin ɗari, mai sayen kayan waje kuwa ya ga abin da zai biya ya kama hanyar ninkawa, ƙarin kashi 100 ke nan. Duka maganganun biyu daidai ne, abin da aka auna a kansa ne ya bambanta, kuma wannan bambancin na daga cikin abin da ya fi rikita ɗalibai kafin jarrabawar BEPC. Malamin lissafi a Gazawa, wadda aka cire daga Agye ta zama gundumar kanta a 2011, in yana neman misalin wannan darasi, dattawan da suka yi safarar kaya tsakanin Maraɗi da Jibiya a waccan shekara suna nan cikin kasuwa, suna iya faɗa masa farashin kafin da na bayan.