Hasumiyar Jamestown da Hanyar Goron Gwanja

Ruwan da mutumin Gwadangaji ya sani shi ne gulbin da ya biyo ta Argungu ya malale fadamar Birnin Kebbi, wanda Basarke ke ratsawa da kwalekwale ko da tsakar dare, don ya san kowane gurbi. Teku ba ta da wannan sauƙi. Matuƙin da ya doso gaɓa cikin duhu, in babu alamar da za ta nuna masa inda ƙasa take, sai dai ya ji jirgi ya daki dutse. Wannan ne ya sa ake gina hasumiya mai fitila a bakin teku, kuma akwai guda da ta shafe mu fiye da yadda muke zato: ta unguwar Jamestown da ke Accra, garin da 'yan Zango ke kira Ankara.

Turawan Ingila ne suka kafa ta farko a 1871, dab da ganuwar James Fort da suka gina tun 1673. Bayan shekara shida suka ɗauke hedkwatar mulkinsu daga Cape Coast suka mai da ita Ankara, jirage suka yawaita. Ga shi garin ba shi da tasha mai zurfi. Manyan jirage kan tsaya can nesa, sai ƙarti su tuƙa ƙananan jirage cikin igiyar ruwa su yi ta jigilar kaya da mutane. A shekarun 1930 aka maye gurbin tsohuwar da wadda ke tsaye yau, mai tsawon mita 28, an yi mata ɗamarar fenti ja da fari don a shaida ta da rana. Da dare kuwa haskenta na kai wajen kilomita 30 cikin teku, fiye da rabin tafiyar Birnin Kebbi zuwa Argungu. Gilashin da ke kewaye da fitilar ne ke tattara hasken ya harba shi waje guda, dabarar da Bafaranshe Fresnel ya fito da ita a shekarun 1820. Kowace hasumiya da irin ƙiftawarta, da haka matuƙi ke gane garin da ke gabansa.

Abin da ya haɗa mu da ita goro ne. A da, fatake kan tashi da jakuna, madugu ya ja ayari ta Jega, a haye Kwara, a yi watanni kafin a isa Salaga ta ƙasar Gwanja. Da Turawa suka ci Asante a 1874, sannan yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, sai kasuwa ta gangara bakin teku. Hausawa suka koyi ɗaura huhunan goro, an lulluɓe da ganye an yayyafa ruwa, su loda a jirgi daga Ankara zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka bi wannan hanya tun da wuri, kafin ya koma Kano ya kama gyaɗa. Da dogo ya iso Kano a 1911, goron da ke shan watanni a hanya ya koma isowa cikin makonni, da ɗanyensa. A ganina, wanda zai ba da tarihin goron ɗaurin aure da na suna a ƙasar Hausa bai kamata ya tsallake wannan gaɓa ba. A shekarun nan ne kuma zangunan Ankara suka cika, har Malam Bako ya kafa Sabon Zango.

Buɗe tashar Takoradi a 1928 da ta Tema a 1962 ya janye manyan jirage, bakin ruwan Jamestown ya koma na masunta 'yan ƙabilar Ga. Daga gindin hasumiyar ana ganin jiragensu masu zane kala-kala, ga raga an shanya, ga hayaƙin bandar kifi, ga kuma James Fort inda aka tsare Kwame Nkrumah a 1950.

Bakaben da fatauci ko ziyara ta kai shi unguwar Nima ko Sabon Zango a Ankara, don Allah ya ware yini guda ya gangara Jamestown ya ga hasumiyar da idonsa.