Mai Ɗura Bindiga: Albarushi da Harsashi a Tarihin Gobir da Maraɗi

Wata rana a cikin aji na rubuta kalmar "ɗan bindiga" bisa allo, na ce wa ɗalibaina su ba ni ma'anarta. Kusan baki ɗaya suka amsa: ɓarawon shanu ne, mai satar mutane don neman fansa. Babu ko ɗaya da ya tuna da mutumin fada wanda ke tafe gaban sarki ranar hawan salla, yana halba bindiga sama, hayaƙi na turnuƙe ƙofar gidan sarautar Tsibiri. Alhali da wannan ma'anar kakanninmu suka san kalmar. Ina ganin ba za a gane yadda ta sauya ba sai an bi tarihin wani aiki da marubuta suka cika tsallakewa, wato ɗura bindiga. Ƙarfe ne kawai ita in babu abin zuba mata, kuma wanda ke da ikon cika ta shi ne ainihin mai ita.

A zamanin da aka gwabza a Tabkin Kwatto cikin 1804, da lokacin da Alƙalawa ta faɗi a 1808 aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, doki da mashi da takobi da kwari da baka su ne yaƙi. Bindiga baƙuwa ce. Shaida mafi kyau a kan haka ta fito daga Baturen Birtaniya Clapperton, wanda ya ga harin da rundunar Muhammadu Bello ta kai wa Gobirawa a Konya cikin watan Oktoba na 1826. A ƙiyasinsa mayaƙan sun kai dubu hamsin, amma bindigoginsu arba'in ne da ƴan kai. Masu riƙe da su kan matso su halba, sa'an nan su ruga inda kibiya ba ta kai wa domin su sake ɗurawa. Daga cikin ganuwa kuwa bindiga guda ya lura da ita, kuma ita ce ta kayar da na gaba cikin ƴan lifidi. Garin bai ciwu ba, rundunar ta juya.

Wannan gudu na masu bindiga ba ragwanci ba ne, halin makamin ne. Ta baki ake ciyar da ita: a zuba albarushi, a cusa tsumma a danna da sanda, a sa harsashi, a sake dannawa, a gyara wurin da dutsen ƙanƙara zai ba da wuta. Kafin a gama, gwanin baka ya saki kibau da yawa masu dafi. Sunan da Hausawa suka raɗa mata, halba-ka-ruga, ya faɗi kome. Da damina albarushi kan sha sanyi ya ƙi tashi, in kuma hannu ya yi nauyi wajen awo bututun kan tsage ya raba mutum da yatsunsa.

Duk da haka tana da wani alheri da ya kamata mu tsaya a kansa. Kusan duk abincinta na gida ne. Gawayi daga itacen daji yake, gishirin da ke sa shi ƙuna daga ƙasa ake tace shi, harsashi kuwa maƙeri ke sare shi daga ƙarfe, in ya yi wuya tsakuwa ma ta isa. Farar wuta ce fatake ke kawowa daga nesa. Saboda haka sarkin da ke da maƙera da masu daka albarushi ba ya jiran jirgin kowa. Ilimi ne na gado, mai sirri, kamar na dafin kibiya, uba na miƙa wa ɗa.

Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda suka rasa rayukansu, Gobirawa suka kafa sabon mazauni a Tsibiri, bakin Gulbin Maraɗi, kilomita goma da ƴan kai daga ƴan'uwansu Katsinawa. Hare-haren da Mayaƙi na Gobir da Ɗan Baskore na Maraɗi suka yi ta kai wa ƙasashen Sakkwato na dawaki ne, a faɗa da sauri a fita da sauri, kuma irin wannan yaƙi ba ya jiran mai ɗuri. Wanda ya ɗauki bindiga da muhimmanci shi ne maƙwabcinmu na gabas, Sarkin Damagaram Tanimun, da ya rasu a 1884. Ya tara bindigogi ta hanyar Tarabulus, ya sa ana yin albarushi a birninsa, har maƙeransa suka zuba igwa. Ya nuna iyakar inda ƙira ta gida za ta iya kai wa, a daidai lokacin da ƙasa ke zamewa ƙarƙashin ƙafafunta.

Domin a Turai an riga an tattara dukan wancan aiki na ɗuri an rufe shi cikin kwanson tagulla ɗaya: albarushi a ciki, dalma a baki, a gindi kuma ƴar hula mai kama wuta in an buge ta. Sojan Faransa sun karɓi bindigar Gras mai irin wannan harsashi a 1874. A 1884 Paul Vieille ya samo albarushi marar hayaƙi, a 1886 bindigar Lebel ta fito da shi. Sa'an nan a 1890, a taron Burussal, ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniyar hana sayar wa mafi yawan Afirka sababbin bindigogi da harsasansu, suka bar mana masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Da sunan yaƙi da cinikin bayi aka yi ta, amma kowa ya ga wanda ta amfana. Shekara tara bayan haka ayarin Voulet da Chanoine ya ƙona Birnin Ƙonni, ya bi ta ƙasarmu yana ɓarna, kuma ba makamanmu suka tsayar da shi ba: sojojinsu ne suka kashe su a yankin Maijirgi, kusa da Tasawa, a watan Yuli na 1899.

Akwai wanda ya gane inda matsalar take. Samori Ture, can ƙasar Mande, ya sa maƙeransa kwaikwayon bindigogin Faransa, ya kuma sa mayaƙansa su riƙa tsince kwanson da aka halba domin a sake cika shi. A iya sanina na mai karatun tarihi, wannan shi ne ƙoƙari mafi girma da aka yi a Afirka ta Yamma na maido da ɗuri hannun maƙeri. Amma tagulla na gajiya bayan an cika ta sau da yawa, kuma sinadarin ƴar hular nan ba ya fitowa daga zuga-zugi. Da aka toshe masa hanyoyin saye ƙarfinsa ya yi ta raguwa, aka kama shi a 1898.

Abin mamaki, aikin da Samori ya yi don ceton mulkinsa, yau wasu a Amurka don nishaɗi da rage kashe kuɗi suke yin sa. Suna da wata na'ura da ake kafawa bisa tebur, mai faifai da ke juya kwanso daga mataki zuwa mataki, duk jan hannu ɗaya harsashi guda ya faɗo, ɗaruruwa cikin awa. Suna kiran haka yin harsashi a gida. Ni dai harhaɗawa nake ganinsa, tunda kwanson da hular da albarushin duk daga masana'anta aka sayo su. Mai daka albarushin fadar Gobir ya fi su cin gashin kansa.

A zamanin mulkin mallaka riƙe bindiga ya koma sai da takardar izini, tsohuwar mai ɗuri kuwa ta rage a hannun mahalba da ƴan bindigar fada. Ba ta mutu ba. Maƙeran karkara sun ci gaba da ƙera baushe da bututun ƙarfe, don kare gona da neman nama. Sai ga shi bayan rushewar Libiya a 2011 makamai sun bazu cikin Sahel, kuma a 2019 dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako jahar Maraɗi suna gudun maharan daji. Garuruwan Gidan Rumji da Madarunfa, inda Tsibiri da Jiratawa suke, sun ɗanɗani satar shanu da satar mutane. Manomin da ya kwana tsaron garinsu da baushe yana ɗura ta kamar yadda aka yi a Konya, wanda ke fuskantarsa kuwa na riƙe da Kalashnikov mai cin harsashi talatin, kowane sai da aka biya kuɗinsa, sau da yawa da kuɗin fansar maƙwabcin manomin nan. Wannan mutum na biyu shi ɗalibaina suka sani da sunan ɗan bindiga.