Yoga bayan rauni: tsarin Iyengar da koyo daga littafi

Yoga motsa jiki ne da ya haɗa miƙe gaɓoɓi, daidaita tsayuwa da sarrafa numfashi. Asalinsa Indiya, inda yake da alaƙa da falsafar addinan ƙasar, amma a yau ana koyar da shi a wurare da yawa a matsayin atisaye kawai.

Cikin waɗanda suka fi kusantar da shi ga masu rauni akwai B.K.S. Iyengar. An haife shi a ƙauyen Bellur a 1918, ya taso yana fama da zazzaɓin cizon sauro, taifot da tarin fuka. Ya koyi yoga a Mysore wajen mijin yayarsa, Krishnamacharya, sannan ya koma birnin Pune a 1937 ya fara koyarwa. Ya rasu a 2014.

Abin da ya bambanta tsarinsa shi ne kayan tallafi: ɗamara, bargo, kujera, guntun katako da igiyar da ake ɗaurawa a bango. Wanda hannunsa bai kai ƙasa ba sai ya dafa katako, mai ciwon gwiwa ya zauna a kan bargon da aka ninke. Ta haka ake rage wa wurin ciwon nauyi.

Littafinsa Light on Yoga ya fito a 1966, da siffofin motsi kusan 200 da hotuna wajen 600. Yana ɗauke da jadawalin koyo mako-mako, da jerin motsin da ya ware wa cututtuka daban-daban. An fassara shi zuwa harsuna da dama, har da Faransanci.

A 2017, ƙungiyar likitoci ta American College of Physicians a Amurka ta sanya yoga cikin hanyoyin da za a fara gwadawa kan ciwon baya mai daɗewa kafin a koma ga magani. Wannan shawara ba ta shafi sabuwar karaya, gocewar ƙashi ko ɗinkin tiyata ba.

Littafi yana nuna siffar motsi, amma ba ya ganin kuskuren mai koyo, kuma yawancin hotunan na gwani ne da ya shafe shekaru yana yi. Don haka mai rauni ya fara neman izinin likita, ya soma da motsi masu sauƙi, ya tsaya nan take idan ya ji zafi mai suka ko gaɓarsa ta yi sanyi kamar ba tasa ba.